Zagayen Dutsen Kufena da Kwarin Kubanni

Abin da ya jawo wannan tafiya abin kunya ne, amma ba za mu ɓoye shi ba, don ko wani cikin 'yan'uwa ya tsira daga irinsa. Kwanan baya, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta cikin birnin Zariya, ɗayanmu ya tsaya gaban 'yan aji huɗu yana koya musu manyan kogunan Afirka. Ya zana Nilu, ya zana Kwango, ya zana Kwara, yara suna biyawa kamar masu karatun allo. Can sai wani ɗan ƙaramin yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ruwan Kubanni fa, ina ya ke zuwa?" Malam ya yi shiru. Mu kuwa da ke zaune a baya muna duba aikinsa, duk muka sunkuyar da kai, don babu wanda zai iya ba da cikakkiyar amsa a cikinmu. Ga shi mun yi allo, mun yi boko, mun san labarin kogin Masar, amma rafin da mu ke ƙetarewa kullum ba mu san mafarinsa ba, balle inda ya ƙare.

Da muka kai wa malaminmu na labarin ƙasa wannan zance, bai yi faɗa ba. Sai ya tuna mana da cewa Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, har Malam Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na tafiyar Ingila ta 1943 wannan suna. Ya ce amma ba lalle sai an je Ingila ba, ƙafa biyu da yini guda sun isa. Nan muka yanke shawara mu shida, shi ne na bakwai, mu zagaya bayan gari da ƙafa. Ga abin da muka gano, da yadda ko wane malami zai iya yin irinsa a garin da aka kai shi.

Shiri

Mun zaɓi tafiyar zobe, watau a fita ta wata ƙofa a komo ta wata. Wanda ya je ya dawo ta hanya guda, abu guda ya gani sau biyu. Wanda ya zagaya kuwa, in ya hau tudu ta nan, tilas ya gangara kwari ta can, sai ya ga ƙasa tun daga kanta har ƙafarta. Hanyar da muka shata ita ce: mu fita ta Ƙofar Kuyambana, mu bi ta Wusasa mu hau Kufena, mu sauka mu yi arewa ta cikin gonaki da ragowar daji da ƙauyuka har mu tarad da Kubanni, mu bi gefensa mu gangaro Tudun Wada, mu shiga birni ta Ƙofar Doka. Bisa ga ƙidayar takunmu, zoben ya kai wajen mil 14, watau kilomita 22 ko fiye kaɗan.

Mun tashi ran Asabar cikin watan Nuwamba, bayan sallar asuba. Kaka ita ce lokacin da ya fi dacewa, don ruwa ya ɗauke, rafuka sun ja baya, rana ba ta yi zafin bazara ba, hazo kuma bai rufe nesa ba tukuna. Ko wannenmu ya riƙe gorar ruwa da sanda da ɗan littafi da fensir, da guzurin ƙuli-ƙuli da dabino. Tun ana sauran kwana biyu malam ya aika wa masu unguwannin da za mu ratsa, ya kuma tambayi lafiyar hanya, gama a zamanin nan ba ko wane daji a ke faɗa wa da ka ba.

Kan Dutse

Bayan mun ƙetare hanyar jirgin ƙasa, wadda ta bi ta Zariya ta isa Kano cikin 1911, da babban titin Kaduna, sai muka shiga Wusasa, inda 'yan mishan suka koma da zama daga cikin birni wajen 1929. Daga nan Kufena ya tsaya gabanmu, baƙi ƙirin, kamar an kifa ƙwarya bisa faifai.

Irin waɗannan duwatsu suna da yawa a ƙasar Zazzau, kuma ba tsirowa suka yi ba. Masana sun bayyana cewa narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa tun zamani mai nisa. Ruwan sama ya yi ta ruɓar da abin da ke kewaye da shi yana kwashewa, har wurin da ya fi tauri ya rage a tsaye. Har yanzu aikin bai ƙare ba, gama mun ga inda fuskar dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa, mun kuma ga ɓaure ya cusa saiwa cikin tsaga yana buɗa ta. Ɓarɓashin da ke zubowa shi ke zama ƙasa a gindi. Nan ne farkon ƙasar da manomi ke kaftu, watau in an bi asali gona 'yar dutse ce.

A gindin dutsen akwai ragowar tsohuwar ganuwa, ta zama kamar doguwar kunya, ga kuma katangar tukwane warwatse. Masu tarihi sun ce mutane sun zauna nan kafin birnin yanzu ya kafu, kuma daga Turunku sarautar Zazzau ta tashi ta komo wannan waje, a zamanin Bakwa Turunku, mahaifin ko mahaifiyar Amina da Zariya, cikin ƙarni na 16. Da ka tsaya a wurin sai ka gane dalilin zaɓensa ba tare da an gaya maka ba: ga mafaka in yaƙi ya zo, ga wurin hango abokin gaba, ga ruwa yana taruwa a gindi.

Da muka kai ƙoli sai ƙasa duk ta shimfiɗu. Gabas ga birni cikin ganuwarsa mai kewayen kusan mil 10, rimaye sun yi masa laima. Ga Tudun Wada, ga Sabon Gari, ga dutsen Tukur-Tukur wajen da aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945. Arewa maso yamma ga Samaru, inda aka buɗe gonar gwaji cikin 1922, aka kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Malam ya ce mu bar duban gine-gine, mu dubi launi. Ko ina fari-fari ne da karan dawa da busasshiyar ciyawa, sai wani kore shar da ya miƙe kamar zare, yana lanƙwasa. Ya ce, "To, ga amsar yaronku nan kwance. Inda kuka ga kore da kaka, nan ruwa ya bi."

Ga yadda abin ya ke. Kubanni ya taso daga tuddan wajen Shika, ya bi ta Samaru, ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya faɗa Galma. Ruwan da ya gangara kudu da Kufena kuwa rafin Saye ya ke bi, shi ma Galma za shi. Galma ya zuba cikin kogin Kaduna. Kaduna ya wuce ta madatsar Shiroro, wadda ta fara ba da wutar lantarki cikin 1990, ya je ya sadu da Kwara daura da Fategi, Kwara kuwa ya kai shi teku. Amma in ka yi arewa zuwa ƙasar Kano, sai ka tarar ruwa ya juya wa teku baya, ya bi Calawa da Haɗejiya ya nufi tafkin Cadi. Mu dai a kan doron ƙasa mu ke zaune, wajen ƙafa 2,200 bisa teku, ruwanmu kuwa wasu ke sha a ƙasa da mu.

Gonaki da Itatuwansu

Muka sauko muka shiga gonaki. Mai wucewa da gaggawa zai ce itatuwa ne kawai jefi-jefi, amma da muka fara rubuta sunayensu sai muka ga ba a banza su ke tsaye ba. Cikin gonakin da muka ratsa kusan duk ɗorawa ce da kaɗanya da tsamiya da kuka da mangwaro, sai ɗinya da kanya nan da can. Ko wane ɗaya da abin da ya ke biya. Ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, ta ba da gari, ta ba da makuba a yi daɓe. Kaɗanya ta ba da man kaɗe. Kuka ta ba da miya da igiya. Ashe lokacin da aka sassabe daji, manomi ya yi shari'a ne da gatari, wanda ke da amfani aka bar shi, saura aka kā da su.

Sai dai wani abu ya dame mu. Mun ƙidaya ɗorawa da kaɗanya masu yawa, amma kusan duk tsofaffi ne, ƙanana ba su cika hannu ba. Garma da awaki da wuta ba su barin tsiro ya tashi. Kaɗanya kuwa ta kan yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka mutum ba ya ganin hasarar sai bayan ta auku. Ran da tsofaffin nan suka faɗi, ba magaji.

Mun kuma koyi gane gonar da ta gaji. Inda ka ga ƙuduji ya bar busassun karansa cikin dawa, ka san ƙasa tana neman taki. A da akan bar gona ta yi saura, ta huta shekaru. Yanzu mutane sun yi yawa, gari yana cin gonaki, hutu ya ƙare. Masara, wadda da ba ta wuce bayan gida, ta mamaye fili tun cikin shekarun 1970 da takin zamani ya yawaita, ita kuwa ba ta yi sai da ciyarwa.

Ragowar Daji

Gaba kaɗan ƙasa ta koma marmara, ja mai tauri, wadda fartanya ba ta kamawa. Nan muka sami ɗan dajin da ya rage, gama abin da manomi ya ƙi shi ne daji ya gada. Yawancinsa doka ce, sai marke da kirya da taura, ga gamba a tsakani, ga suri kamar rumbuna. Doka ita ce asalin suturar wannan ƙasa, kuma itace ne mai taurin rai. Ko an sare ta, sai ta tofo daga kututture da saiwa. Duk dokar da muka gani irin wannan tofon ce, ba mu ga wadda ta kai kaurin cinya ba.

Malam ya sa muka tona ƙasa da sanda a ƙarƙashin itatuwa, muka kuma tona a fili. Ta inuwa baƙa ce, da laushi da ruɓaɓɓen ganye da ramukan gara da tsutsa. Ta fili kuwa ta yi ɓawo kamar daɓe. To, nan asirin tafiyar duka ya ke. Zariya ta kan sami ruwan sama wajen inci 40 ko fiye a shekara, watau milimita 1,000 da 'yan kai, kuma duk cikin wata biyar ko shida ya ke sauka, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi ƙarfinsa cikin Agusta. In ɗigon ruwa ya faɗo kan ganye, ƙarfinsa ya karye, sai ya sulala ƙasa ya shige ta ramukan nan, ya yi ta tsattsafowa cikin rijiyoyi da rafuka har rani. In kuwa ƙasa tsirara ya doka, sai ya toshe fuskarta, ya rasa hanyar shiga, ya kwasa da gudu yana ɗauke da laka. Ruwa ɗaya ne, amma na fari ajiya ne, na biyu ɓarawo.

A bakin dajin muka tarad da ramin gawayi yana hayaƙi, ga kuma dammunan ice an jera ana jiran mota. Kada wani ya zaci sarar daji sabon abu ne. Cikin shekarun 1970 masu binciken tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono tsofaffin matoyan tama yamma da Samaru, waɗanda suka haura shekara 1,000, narka tama kuwa ba ya yiwuwa sai da gawayi mai yawa. Abin da ya sāke shi ne yawan bakunan da ke jiran tuwo. Tun da daɗewa aka fara keɓe gandayen daji bisa doka a Nijeriya, har akwai na Guga can wajen Shika, amma doka a takarda ba ta dafa wa kowa abinci. Mai gawayin nan ba mugu ba ne, iyali gare shi. Wanda zai ce masa ya bari, sai ya nuna masa abin da zai kama.

Mun tambayi malam batun ƙunar daji. Ya ce in ba makawa sai an sa wuta, ta farkon kaka ta fi sauƙi, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanye, don ta kan lashe sama-sama ta wuce. Ta bazara ita ce mai kashe tsiro, ta bar ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwan farko zai sauka da ƙarfi.

Ƙauye da Ruga

Wajen hantsi ya ɗaga muka isa wani ɗan ƙauye mai gida bai fi goma ba, a ƙarƙashin wata ƙatuwar kuka. Muka yi sallama a zauren mai unguwa, muka durƙusa muka ce, "Ranka ya daɗe." Ya ce, "Maraba da malamai, sannunku da hanya." Aka kawo mana fura.

Zaman ƙauye shi ma da tsarinsa. Ba a gina shi cikin fadama ba, saboda sauro da ambaliya, ba a kuma kai shi kan marmara ba, saboda rijiya. A tsakani ya zauna. Gonakin da ke jikin gida su ne masu ƙarfi, don su ke samun toka da shara da kashin awaki ko wace shekara. Kana nisa da gida, dawa tana ƙanƙancewa. Ko da ba ka ga rumbu ba, tsawon kara ya isa ya gaya maka nisanka da mutane.

Wani tsoho da ke saƙar zana a gindin kukar ya ga muna ta rubutu, sai ya tambaye mu abin da mu ke nema. Muka ce, "Baba, labarin ruwa mu ke bi." Ya yi dariya, ya tashi ya kai mu rijiya. Ya nuna mana igiyar guga, ga ƙulli biyu inda aka ƙara mata tsawo. Ya ce, "'Ya'yana, ga labarin ruwa nan. Ina yaro, ƙanwata da gajeruwar igiya ta ke ɗiba. Sa'an nan daga nan zuwa dutse duhun doka ne, har birai na shigo mana gona." Mun daɗe muna duban igiyar nan, gama abin da malam ya nuna mana da sanda a daji, shi ne tsohon ya nuna mana da ƙulli.

Daga ƙauyen muka bi burtali, an shinge shi da aguwa da cin-da-zugu, har muka ɓulla rugar Fulani a cikin wata gona da aka girbe. Wannan tsohuwar ma'amala ce: shanu su ci kara da harawar da ta rage, su bar wa mai gona taki. Amma mun ga inda aka nome burtalin har ya rage kamar hanyar ƙafa. Wani dattijo a rugar ya ce mana, "Malamai, saniya ba ta tashi sama. In an toshe mata hanyar rafi, ta ina za ta bi?" Yawancin rigimar da a ke kai wa gaban alƙali daga irin wannan taku biyu ko uku na ƙasa ta ke farawa.

Cikin Kwari

Bayan azahar ƙasa ta fara gangara, launinta ya juya daga ja zuwa toka-toka, daga nan zuwa baƙi mai danƙo. Kafin mu kai rafi sai da muka kewaye wani kwazazzabo wanda zurfinsa ya shanye mutum a tsaye. Muka bi shi zuwa kansa, sai muka tarar daga wata 'yar hanyar ƙafa ya faro, inda aka yi kunyoyi suna bin gangare maimakon su gicciye shi. Ko wace kwarin kunya ta zama lambatu, suka haɗu suka ci gona.

Fadamar Kubanni kuwa wata duniya ce. A tudu an gama aikin shekara, a nan yanzu aka fara. Ga rake, ga tumatir, ga albasa da tattasai da latas da karas, an yi fangali-fangali. Jigon da kakanninmu ke ban ruwa da shi ya ba injin wuri. Ƙasar nan baƙa da ke ciyad da kasuwannin Zariya da rani, mafi yawanta daga tudu ruwa ya kawo ta. In laka mai laushi ce ya kawo kaɗan-kaɗan, taki ce. In kuwa kwazazzabo ya ɓalle, yashi ya ke zubowa ya binne lambu. Wani mai lambu ya nuna mana gefen gonarsa da yashi ya rufe bara, ya ce shi bai sare ko itace ɗaya ba. Gaskiyarsa, wani ne ya sare a sama, shi ya biya a ƙasa. Haka kuma madatsar da aka yi wa Kubanni a Samaru cikin shekarun 1970 don ruwan sha, laka tana ta cike ta tana rage mata ciki.

A gefen rafi giginya ta fi ko wane itace tsawo, sai ɗan kurmi nan da can. Kurmin bakin rafi yana riƙe gaɓa, amma shi ne kuma gidan ƙudan tsando mai kawo ciwon barci. Don haka ne aka sassabe bakin rafuka a ƙasar Anchau tun daga 1937, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Wannan ya nuna mana cewa sha'anin ƙasa ba a yi masa hukunci guda, sai an auna amfani da cuta.

Mun tarad da yara suna wanka a wani gurbi da ruwa ya kwanta. Muka duba jikin ciyawa, sai ga 'yan ƙananan katantanwa. Cikin irinsu ne tsutsar tsargiya ke girma, ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan 'yan makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini. Mai ciwon kuma in ya yi fitsari a ruwa, sai ƙwan ya koma ga katantanwa. Akwai maganinta a asibiti, kuma malamin makaranta ya fi kowa damar ganewa. Kada mu ce ba ta kawuwa. Kurkunu ma da haka a ke cewa, ga shi an ga na ƙarshe a Nijeriya cikin 2008, aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi cikin 2013, da tace ruwa da wayad da kai.

Muna gangarawa gidaje suna matso rafi, har ya shiga tsakiyar gari. Nan ruwan da muka gani garai-garai ya koma baƙi, ga lambatu suna zuba, ga leda ta naɗe ko wane reshe. Ƙasa da nan kuma wasu masu lambu ne ke ja da inji suna ba latas, latas ɗin kuwa mu ne masu saye. Muka bar rafi a gada, muka ratsa Tudun Wada, muka shiga Ƙofar Doka ana kiran magariba. Da muka biyo ta Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, malam ya tuna mana cewa bakan gizon da ke ɗauke da rufin tsohon ginin ƙasa ce da azara, azara kuwa giginya ce irin wadda muka baro a kwari. Bayan isha muka iso Ƙofar Kuyambana, ƙafa ta yi nauyi, zobe ya rufe.

Yadda za a yi da Yara

Ba mu ce a ɗauki 'yan aji huɗu a yi mil 14 da su ba. Mil 2 ko 3 sun isa, in dai an haɗa da tudu da kwari, kuma da wuya a sami garin da ba shi da su. Malami ya fara bin hanyar shi kaɗai, ya nemi izinin hedimasta da iyaye da mai unguwa. A raba wa yara aiki: wasu su ƙidaya taku, gama taku 2,000 ko fiye kaɗan na babban mutum ke yin mil guda; wasu su rubuta sunayen itatuwa, manya dabam ƙanana dabam; wasu su ɗebo ƙasa daga wuri uku, kan tudu da tsakiya da fadama; wasu kuma su yi wa tsofaffi tambaya cikin ladabi. Kada a taka shuka, kada a tsinki abin gonar kowa, kada a shiga ruwan da ya kwanta.

In an komo, a zana taswirar zoben a ƙasa da tsinke kafin a kai ta allo. Sa'an nan a sami tire biyu, a cika ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasa mai ciyawa, a jingina su, a zuba musu ruwa daidai wa daida da gwangwani mai huji, a tari abin da ya zubo cikin kwalabe biyu. Mun gwada wannan a ajin yaron nan da ya yi tambaya. Kwalba ɗaya ta cika nan da nan da ruwa ja, ɗayar kuwa kaɗan ta samu, shi ma da haske. Muka ba shi amsarsa tun daga Shika har teku. Ya saurara, sa'an nan ya ɗaga jar kwalbar ya ce, "Malam, ashe gonarmu ma tana zuwa teku."

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu, wani birni, wani ƙauye. Yaran da za a ba mu su ne za su riƙe gatari da fartanya da igiyar guga nan gaba, wasunsu kuma su ne za su riƙe alƙalamin da ke yanka filaye. Kafin ko wannenmu ya buɗe taswirar Afirka a sabon ajinsa, ya kamata ya ba da Asabar guda ya zagaya garin da ƙafa, ya san inda ruwansa ke fitowa da wanda ke shansa a ƙasa. Mu dai mun roƙi hukumar makaranta ta ba mu wani ɗan fili a bayan ɗakin kwana, mun kuma ajiye kalwa za mu shuka in damina ta faɗi. Wanda ke so ya bi mu zagaye na biyu, ta wajen Galma, sai ya ba da sunansa ga malamin labarin ƙasa.